Na Raka Baba Shiroro

Tashi daga Tudun Wada

Ƙarfe shida saura kwata na asubar Talata muka fito daga gidanmu a Zariya, ni da mahaifina, Malam Shehu. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injina a madatsar ruwa ta Shiroro mai samar da wutar lantarki, a can aka haife ni. Bara likita ya ce ganinsa na tafiya, kuma ba zai dawo ba. Tun ranar yake cewa, "Aminu, ka kai ni in ga ruwan nan tun da sauran ido." Na yi ta ja masa rai saboda halin hanya, har na ji kunyar kaina.

Keke ya sauke mu a Kwangila. Direban motar Minna ya dubi Baba ya ce, "Baba, gaba za ka zauna. Ramukan hanyar nan ba su san dattijo ba."

Kaduna zuwa Minna

Bakwai da rabi muna Kaduna, bayan tafiyar kilomita tamanin. Da muka hau gada Baba ya sa aka sauke gilashi.

"Wannan kogin ne muke tarewa a can," in ji shi. "Har da ruwan Galma namu na Zariya a cikinsa."

Direba ya ce, "To ni Baba, abin da ban gane ba, ruwa da ke kashe wuta, ta yaya yake haifar da ita?"

Baba ya gyara zama, muryarsa ta koma irin ta da. "Ruwan turi kawai yake yi. A tare shi ya taru ya yi tsayi, sai a sake shi ta cikin ƙaton bututu ya gangaro da ƙarfi, ya bugi farfela. Farfela ta juya sandar ƙarfe, sandar ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar tagulla. Nan wuta take fitowa. Abu biyu ne jarinmu: yawan ruwa, da tsayin da yake faɗowa."

Mun wuce shingen bincike da dama, ba wanda ya riƙe mu. A Lambata muka ci doya da ƙwai. Ƙarfe biyu muka shiga Minna, muka yi salla, muka sake mota.

Zumba

Biyar saura muka sauka a Zumba, garin da ke kusa da madatsar. Mai masaukinmu Malam Bawa ne, tsohon abokin aikin Baba, rabonsu da juna shekara goma sha huɗu. Yana tsaye a ƙofar gida da sanda. Baba bai gane shi ba sai da ya yi magana.

"Shehu, kai ne ka tsufa haka?"

"Bawa! Wallahi muryarka ce ba ta tsufa ba."

Aka kawo mana tuwon shinkafa da soyayyen kifi. Ƙamshin ya mayar da ni lokacin da marigayiya Inna ke soya mana irinsa ranar Juma'a, mu zauna a barandar gidan ma'aikata muna jiran Baba ya dawo, hannuwansa duk baƙin mai.

A kan madatsa

Laraba ƙarfe tara muka isa ƙofar madatsar. Malam Bawa ya riga ya nemo mana takardar izini. Ƙarshen damina ne, tafkin ya cika fal, kwale-kwalen masunta can nesa kamar ƙudaje.

Malam Bawa ya nuna mini bangon. "Ka ga gindinsa ya fi kansa faɗi nesa ba kusa ba? Ruwa ya fi dannawa a ƙasa. Duwatsu aka jibge, nauyinsu ke riƙe tafkin, aka shafe fuskar da ke kallon ruwa da kankare don kada ya ratsa. Waɗancan ƙofofin na sakin rara ne. In ruwa ya haye kan bango irin wannan, cinye shi zai yi." Ya ce aikinsa a da shi ne auna ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta gindin bango kowace safiya. In garai yake, lafiya. In ya zo da laka, to ba mai zama.

Baba dai yana riƙe da hannuna, ya fuskanci tafkin.

"Aminu, ina ruwan ya kai?"

"Ya kusa alamar sama, Baba."

"Tsibirin nan na hagu fa?"

"Ya nutse, sai kan bishiyoyi."

Ya gyaɗa kai. "Ba na ganin komai sai farin haske. Mun makara."

Ni na jawo makarar, shi ma ya sani, amma bai ɗora mini laifi ba.

Gidan injina

Injiniyar da ke bakin aiki, wata matashiya mai suna Halima, ta ba mu hular kwano ta kai mu barandar baƙi. Rugugin nan da na sani tun ina yaro ya shigo ta tafin ƙafata. Baba ya saki hannuna, karo na farko tun da muka shigo madatsar. Ya dafa ƙarfen baranda ya karkata kai.

"Uku ke aiki. Na ƙarshen yana hutawa."

Halima ta dube ni. "Wa ya gaya masa?"

"Ba kowa."

"Haka ne, Baba. Sai da yamma za mu tashe shi."

Ta kira abokan aikinta biyu suka zo suka gaishe shi. Ɗaya ya tambaye shi yadda suke gane zafin inji kafin zuwan kwamfuta. Minti goma aka ba mu, muka yi kusan awa guda. Baba na bayani da hannu biyu, yana dariya, su kuma suna ta "Na'am, Baba."

Komawa

Alhamis bayan asuba Malam Bawa ya rako mu tasha. Ya riƙe hannun Baba bai saki ba.

"Shehu, mu yafi juna. Ba lalle mu sake haɗuwa ba."

"Na yafe, Bawa. Ni ma ka yafe mini."

A mota, bayan mun wuce Kuta, na ce, "Baba, ni ma ka yafe mini jinkirin da na yi."

Ya laluba ya dafa gwiwata. "Ai ka kai ni. Allah ya yi maka albarka."

Ana kiran la'asar muka shigo Tudun Wada, da ƙullin busasshen kifi na rabon maƙwabta. Ina gode wa Malam Bawa da iyalinsa, da Injiniya Halima da ta ba tsoho lokacinta. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu, ya kuma dawo da mu gida lafiya.