Kurɓin Uwa

A layin karɓar magani na asibitin masu taɓin hankali, wata tsohuwa tana zaune a bakin benci, jaka a cinya, ido a kan ɗanta. Ya haura arba'in, gemu har da furfura, amma da gani ita ta saka masa maɓallan riga, don hannunsa rawa yake kamar mazari.

Ya zaro gorar ruwa daga aljihu. Kafin ya kai baki ta fizge. Ba ta sunsunawa, hanci ya sha yaudararta. Kurɓa take yi. Fuskarta ta yamutse. Ga mutane, ba wurin tofarwa, sai ta haɗiye, ta cusa gorar a jaka. Wataƙila ta shekara sittin ba ta san ɗanɗanon giya ba, yanzu ta fi mai sayarwa sani.

"Ɓarauniya!" in ji ɗan. "Allah ya isa, Inna!"

"Na ji, Babana. Zauna."

Matar da ke gefenta ta shaƙi warin giya a numfashin tsohuwar, ta matsa can, ta yi raɗar da kowa zai ji: "Ashe a nono ya sha."

Tsohuwar ta ji sarai. Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga.