Wayar Oda a Motar Kaka

Motar ta kakana ce, tun zamanin da yake sayen kuza, Baba ya gaje ta. Ina aji biyu a jami'a ta ɗauko wani hali: da an karya sitiyari hagu, sai oda ta kama ihu da kanta. Ranar da ta yi haka a ƙofar gidan makoki a Dutse Uku, Baba ya dawo ya zare fis ɗin da ke ba odar wuta.

Wani mai wayarin daga Kabong ya zo ya duba.

"Alhaji, waya ce ta goge a cikin bututun sitiyari. Wa zai shiga can? In huda nan," ya ƙwanƙwasa katakon gaban motar, "in sa maka maɓalli. Minti goma."

Katakon nan Kaka da hannunsa yake shafa masa mai. Ni da ko baƙo ba na iya gaisarwa sai kaina a ƙasa, sai na ji na ce, "Ba za a huda ba."

Mutumin ya yi dariya. "Oga, lauya ka haifa?"

Baba ya dube ni. "Litinin zai dawo da abin hudarsa. Kafin nan, ke kika sani."

Asabar da safe na cire kan batir. Na yi wa sitiyari alama da alli, duk notin da na kwance na zana mazauninsa a littafina. Na tura sabuwar waya cikin bututun, ta lanƙwashe. Sau huɗu. Na zauna a ƙasa hannuna baƙi ƙirin, takaici kamar in yi kuka.

Mama tela ce. In za ta sauya mazagin wando ba ta zare tsohon, ɗinke sabon take yi a bakinsa ta ja. Na shiga na ɗauko zarenta mai ƙwari, na ɗaure wayoyin biyu tam. Na san in ɗaurin ya kwance a tsakiya, shi ke nan, katako ya sha huda. Na riƙa jan tsohuwar kaɗan-kaɗan, har kan sabuwar ya leƙo. Na jona ta, na mayar da notuna, fis da kan batir.

Litinin mai wayarin ya iso da jakarsa. Ban shige ɗaki ba, na tsaya jikin motar. Ya karya sitiyari hagu, shiru. Ya danna tsakiya, oda ta amsa har tantabarun maƙwabta suka tashi.

"Ƙanwata, ta ina kika bi da wayar?"

Na ce masa ta inda tsohuwar take.