Na ce masa ƙafa ce

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina na firamare a Tsafe sun fara tambaya ko ina raye. Ina raye. A kwance nake.

Ba wata faɗuwar kirki ba ce. Santsi ne ya ɗebe ni a bakin rijiya, na zauna daɓas. Na tashi na karkaɗe zane, har ina yi wa kaina dariya.

Washegari ƙuguna ya riƙe, can ƙasa inda mutum ke zama. Ruku'u ya gagara, juyi a kan gado ya zama aiki.

Ɗana na fari yana Gusau, shi ke ɗauke da ni tun rasuwar babansu. Kun san mu da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, balle in buɗe baki in ce masa ga inda ke ciwo. Ya kira ya ce, “Inna, mi ka damun ki?” Na ce ƙafa ce, sanyi ne kawai.

Shi kuwa bawan Allah ya yi ta aiko da man shafawa. Har mai ɗori ya ɗauko mini daga Bungudu, ya zo ya murza gwiwar da lafiyarta ƙalau, ni kuma ina kallonsa.

Haka damina ta wuce. Ƙafar hagu ta fara mutuwa, sannan fitsari ya daina jira na. Ranar da autata ta zo ta ga shimfiɗa a jiƙe, ba ta tambaye ni ba, yayanta ta kira.

A Gusau aka yi hoto, aka tura mu Sakkwato aka yi wani. Likita ya ce ƙashina ya rage ƙarfi saboda shekaru, kamar karan dawa da ya sha rana. Ƙashin ƙugu da ƙarshen ƙashin baya sun tsage, sun danne jijiya. Ya ce, “Mama, da kin zo da wuri, da jijiyar nan ba ta mutu ba.”

Na ji tsoron tiyata sosai. Aka sa mini ƙusoshin ƙarfe, aka ƙara mini jini, na yi kwanaki da robar fitsari. Gonarsa ɗan nawa ya sayar don kuɗin asibiti. Kuma shi ɗin da nake jin kunya, shi ya riƙa ɗaga ni yana juya ni.

Wata rana yana gyara mini matashi ya ce, “Inna, wata nawa ina sayen maganin ƙahwa.” Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Alhamdu lillahi, fitsari ya daidaita, ina takawa da sanda. Na gode wa likitoci da masu jinya, da ku masu addu'a. Allah ya yi wa 'ya'yana albarka.

Shawarata: in tsohuwa ta faɗi, ko daga kan tabarma ne, a kai ta a yi hoto. In ta ce ƙafa ce, ku tura mace ta shiga ɗaki, ta ce ta nuna wurin da hannu. Mu kuma iyaye, mu faɗi gaskiyar ciwo.

Likita ya ce ƙafar hagu haka zan riƙa jan ta har ƙarshen rayuwata. Ita ce ƙafar da na yi wa ƙarya tun tana lafiya.