Shafin Ƙarshe a Tashar Bath

Duk shekara idan makon tunawa da marubuciyar nan ta labaran soyayya ya zagayo, garinmu Bath cika yake da mata cikin dogayen rigunan zamanin da. Na saba, ko kai ba na ɗagawa. Amma wannan matar ta tashar jirgin ƙasa ta tsaya min a rai.

Za ta kai hamsin. Igiyar hularta ta matse mata haɓa, furfura na leƙowa ta gefe. Tana riƙe da keken guragu, tsohuwa a ciki sanye da riga irin tata.

"'Yata ce, Hilary," in ji tsohuwar, ba tare da na tambaya ba. "Marubuciyar ce sak, ba ta yi aure ba, tana gida. Hilary, karanta min ƙarshen."

"Mama, jiya fa na karanta."

"To bakin naki ƙarewa ya yi?"

Hilary ta yi min murmushin nan namu na mutanen Ingila, wanda a taka mu kuma mu ba da haƙuri. Ina jin wani ya taɓa jiran ta har ya gaji.

Jirgin Landan ya tsaya, ba nasu ba ne. Tana karanta wurin ɗaurin auren, ko kalma ba ta tsallake ba, amma idonta ba ya kan littafin. Yana kan ƙofar jirgin har ta rufe.

"Da daɗi," in ji tsohuwar. "Sake."