Dakta Balkisu da ta hana a sare kukokin mujiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni, Dakta Balkisu ta rasu.

Ku bar ni in faro daga nesa, kun san halin tsoho.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ina ɗan firamare a Illo. Fatake suka riƙa cewa wai wani gari a hayin iyaka, cikin Dahomey ta lokacin, sun kashe mujiyoyinsu kaf, ɓeraye suka tashi garin da yunwa. Na ajiye zancen inda nake ajiye tatsuniyoyin kakata.

Balkisu ɗalibata ce a aji huɗu a Bagudo. Ta yi karatu har ta zama dakta, ba ta allura ba, ta lissafi. Wayar nan da nake muku rubutu da ita, ita ta koya mini latsa ta.

Bara waccan wani ƙauyen manoman shinkafa kusa da iyaka suka yanke shawarar sare tsoffin kukokin bayan gari, wai mujiyoyin ciki ke kiran mutuwa. Sarkin Noma Ɗantani har ya wasa gatari. Ita kuwa ta san in mujiya ta tafi, shinkafar ma ta tafi.

Ta zo gidana da kwamfuta. A ciki ta zana fadama da rumbuna, baƙaƙen ɗigo ɓeraye, farare mujiyoyi. Suna ci, suna haihuwa, suna mutuwa. Kafin shayina ya huce shekara goma ta wuce a cikin kwamfutar.

"Baba Malam, mi kag gani?"

Na ce, "Ɗiyata, ɓeranki wawa na. Ɓeran bakin kogin Kwara in ruwa ya taho ba ya zama fadama. Tudu yake hawa, rumbu yake nema."

Da wani mai digirin ne da ya ɓata rai. Ita dariya ta yi, ta zaro biro. Kwana biyar tana bin manoma da maharba da tambaya, har ɓeranta ya koyi gudu da ɓuya.

Bayan sallar Juma'a ta ajiye kwamfutar gaban dattawan ƙauyen, ta nuna wa Sarkin Noma inda zai danna.

"Baba, ga gatarinka. Sare."

Ya danna. Fararen suka ɓace. Baƙaƙen suka yi ta ninkuwa, suka hau tudu, suka lulluɓe rumbuna.

Ya daɗe yana kallo. "Wancan rumbun na gefe, nawa na?"

"Naka na, Baba."

"To maza mayar da tsuntsayen!"

Ranar na yarda da fatake, da furfurata da komai. Kukokin suna nan tsaye, bana ma an cika rumbuna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ce. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce, "Baba Malam, ɓeranka yanzu ya fi wasu ɗalibanka wayo."

Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya sa kowace ƙwayar shinkafar da ta tsira ta zame mata sadaka mai gudana. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Mutum biyu suka fara gaya mini rasuwar, na ƙi yarda. Na ukun ya hau babur tun daga bakin iyaka, ya tsaya ƙofar gidana yana share ido da hula: Sarkin Noma Ɗantani.