Faifan da Muryar Umma Take Ciki

Almakashi ake ce masa a layin shagunan, don ba a taɓa kawo masa bidiyo ya fita da tsawonsa ba. Sana'arsa ke nan, haɗa bidiyon tarurrukan mutane a wani ɗan shago mai fanka ɗaya da kujera mai karyayyen hannu. Wanda ya yi tari, wanda ya yi hamma, wanda ya gifta gaban kyamara, duk sai ya yanke. Hayaniyar jama'a kuwa kashe ta yake yi, ya shimfiɗa kiɗa mai taushi a kai. Yakan ce ɗanyen aiki ba ya fita daga hannunsa, ko da mai shi zai yi kuka.

Faifan ajiya biyu gare shi. Na cikin kwamfutar sabo ne mai gudu, nan yake aikin mutane. Na biyu tsoho ne da yake haɗawa da kebul, nan yake zuba na gida, wai sai ya samu sarari ya zauna ya gyara. Bai samu sararin ba har maiɗakinsa ta rasu, ta bar masa ɗiya tana tatata. Daga nan kuma ba rashin lokaci ba ne. Tsoro yake ji ya buɗe ya ganta tana motsi.

Yarinyar ta girma a hannunsa da hannun yayarsa, har ta kai shiga makarantar kwana. Suna cikin shirya akwatinta ta ɗago kai.

"Baba, wai ya muryar Umma take? Gwaggo ta ce irin tawa ce, amma ni ban yarda ba."

"Tana nan a faifai," in ji shi. "Kafin ki tafi za ki ji ta."

Washegari ya jona tsohon faifan. Faifan ya buɗe, amma da ƙyar, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Bidiyon da ya zaɓa ya daɗe yana juyi kafin hoto ya fito: ga marigayiyar a bakin ƙofar kicin, da jaririya a kafaɗa, tana magana. Muryar na fitowa a gutsure, kalma ɗaya, shiru, sannan rabin wata.

Mai hankali da a nan zai kwashe komai ya mayar sabon faifai, ya kira yarinya ta gani a yadda yake. Amma Almakashi ne. Ya ga hoton na rawa, ya ga bokitin wanki a gefe, ya ji ƙarar injin maƙwabta a baya, sai ya ce ina, ba zai nuna wa 'yarsa uwarta a haka ba. Ya jawo bidiyon cikin manhajar aikinsa kai tsaye daga tsohon faifan, ya shiga yanka.

Faifan ya ƙara nauyi. Ya canza kebul, ya canza ramin da yake soka shi, ya goge tarkace don ya samu wurin numfashi. Da abin ya ƙi, ya sa kwamfutar ta bi faifan lungu-lungu ta jera masa kayan ciki, aikin da ya cinye wuni guda faifan na zafi kamar dutsen guga. Yana ta lallashin kansa da cewa sannu ba ta hana zuwa. A haka ya gama ɗan guntun farko, ya fitar da shi a sabon faifai don ya ga yadda launi ya zauna. Hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye shi ba: ya kashe sautin asali, ya ɗora kiɗa, da niyyar in ya tace muryar daga ƙarar injin ya mayar da ita.

Da safe faifan ya fara wani ɗan ƙas-ƙas, sannan ya daina buɗewa.

Ya naɗe shi a hankici ya kai wa Injiniya, mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi, abokinsa tun suna samari. Injiniya ya kara shi a kunne, ya jona, ya sake karawa.

"Tun yaushe yake jan ƙafa?"

"Kwana biyu ke nan."

"Kuma kana aiki a kansa?"

Almakashi ya gyaɗa kai.

"Haba mutumina. Ai jan ƙafar nan ba lalaci ba ne, ciwon ajali ne. Faifai in ya fara haka, kwashe kayanka kawai za ka yi ka gudu. Kai kuma ka ɗora masa kaya ka ce ya yi tsere." Ya ga fuskar abokinsa, sai ya sassauta murya. "Na wa ne a ciki?"

"Maman yarinya."

Injiniya bai ƙara tsokana ba. Ya rufe shagonsa, ya buɗe cikin faifan a ƙarƙashin fitila, ya nuna masa inda allurar faifan ta karce farantin da bayanan ke kai. Babu abin da za a ciro. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda Almakashi zai ɗora wa laifi. Ya fita bai ko yi wa mutumin godiya ba.

Ana gobe tafiya ya kawo yarinyar shago, ya zaunar da ita a kujerarsa, ya gaya mata gaskiya tun kafin ya kunna mata ɗan guntun da ya tsira. Hoton ya fito tas, launi ya zauna, babu bokiti, babu rawa. Uwar na kallon kyamara tana dariya, bakinta na motsi, kiɗa na tashi a hankali. Yarinyar ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin. Da ya ƙare ta ce a sake, aka sake.

"Baba, me take cewa a nan?"

"Cewa take in ajiye kyamarar nan in zo in karɓe ki, hannunta ya gaji."

"Ka zo?"

"Sai da na gama ɗauka."

Ta gyaɗa kai, idonta na kan bakin uwar.

"To faɗa min yadda take faɗa."

Ya gyara zama, ya buɗe baki. Yana jin muryar a cikin kansa sarai, har da yadda take jan ƙarshen magana in tana zolaya. Amma da kalmar farko ta fito, tasa ce, kakkaura, tana rawa. Ya tsaya a nan, yarinyar na jiran sauran.