Malami Mai Raba Izini

In ana neman wanda ya iya gaisuwa a duk ƙasar Anka, to a zo in nuna Malami. Shekara goma sha biyar muna aiki tare a ƙaramin asibitinmu, inda ake gwada jinin yara saboda gubar dalma, ni Hasana ina ɗibar jini, shi yana riƙe da bayanan marasa lafiya. Wallahi ban taɓa ganin ya yi kuskuren wanda za a fara durƙusa wa ba. Kuskuren aiki kuwa, sai dai in bakina ya gaji da faɗi.

Haifaffen Gummi ne. Tun yana saurayi shi ake ba goron ɗaurin aure ya raba, don ya san gidan da ake kai wa ƙwarya guda da gidan da ƙwaya biyar ta isa. Da wannan ilimin ya tafi Gusau kwas ɗin kwamfuta na wata shida, da shi kuma ya dawo, sai dai an ƙara masa takarda da tabarau. Har yau in ya zauna gaban kwamfutar nan yana gyara hula, ka rantse shi ya ƙera ta.

Shekara huɗu da suka wuce gara ta cinye mana rabin takardun da ke cikin kabad. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinmu ta ce a kwashe komai a kai rumbun ajiya na intanet, yadda ko an yi gobara ba za a rasa ba. Suka turo wata mata daga Abuja ta koya mana. Ta yi bayani dalla-dalla: kowa da sunansa da lambar sirrinsa, kowa ya ga abin da aikinsa ke bukata kawai, wanda ya bar aiki a cire shi ranar da ya tafi. Ta ce izinin hawa uku ne, akwai mai ganin komai, akwai mai ganin wani sashe, akwai mai shigar da suna kaɗai. Malami na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ashe a duk bayanin nan hawa ukun kawai ya ji, ya kuma fassara su da kansa: manya, matsakaita, yara.

Haka ya raba izinin nan kamar goro. Dattijon da ya ba da filin da aka gina asibitin ya samu hawan farko, mutumin da ko baƙin boko bai iya ba, 'ya'yansa ke riƙe masa waya. Shugaban kwamiti ya samu, mataimakinsa ya samu don kada ya ji an raina shi. Duk mai furfura da ya taɓa shigowa ofis ya ce masa sannu da aiki, Malami ya buɗe masa. Ni kuwa da nake huda hannun yaran, mace ce kuma ya girme ni, sai aka ajiye ni hawan ƙasa. Uwa za ta tambaye ni ko dalmar ɗanta ta ragu a kan ta bara, sai in tashi in je teburinsa, in gaishe shi, in tambayi iyali, in jira ya gama gyara tabarau.

Cikin manyan nasa akwai Makau, tsohon mai kula da sitonmu, wanda ya ajiye aiki ya koma sayen zinari a garin Bagega. Wata uku da tafiyarsa na ga har yanzu sunansa na nan cikin masu izini, na ce wa Malami a cire.

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. "Hasana, mutum na raye ki ce in soke sunanai? Mi ya yi min? Gobe in gamu da shi masallaci in ce mai mi?"

Na ce ba zumunci ake yankewa ba, ƙofa ake rufewa. Ya ce yaran yanzu ba su san girma ba. Shekarata arba'in da biyu a lokacin.

Yanzu sai maganar Fiddausi. 'Yar ƙauyen Duza ce. Tana shekara huɗu aka kawo ta a sume tana jijjiga, shekarar da gubar ta yi ta ɗibar yara. Ta sha magani, Allah ya tashe ta. Ta gama sakandare, tana koyar da 'yan aji biyu a firamare, kuma duk shekara takan zo da ƙafarta a gwada jininta, don mun roƙe ta ta riƙa zuwa mun kuma yi mata alkawarin sirri ne. Bara Sufyanu, ɗan ƙanen Makau, ya fito neman aurenta. Suna son juna, an kai gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah. Ranar da ta zo ta gaya min, dariya ta hana ta ƙarasa maganar.

Dangin Sufyanu suka ɗora wa Makau binciken asali, yadda aka saba. Da can sai dattijo ya hau babur ya je garin yarinya ya tambayi maƙwabta. Makau bai ko sa takalmi ba. Yana zaune a rumfarsa ya ciro waya ya buɗe fayil ɗinta. Ya ga jijjigar, ya ga yawan dalmar wancan lokaci, ya ga inda likita ya rubuta cewa in ta samu ciki a riƙa duba ta sosai. Likita kulawa yake nufi. Makau, da iliminsa na auna zinari, ya karanta wa dangi cewa ƙwaƙwalwarta ta taɓu kuma nakasassu za ta haifa. Ya ɗauki hoton shafin ya tura musu. Kafin sati ya zagayo an aiko a maido kaya.

Da na ji, na je na tsaya a kan Malami na ce ba zan matsa ba sai ya buɗe wurin da na'urar ke rubuta wanda ya shiga. Ga sunan Makau, ranar Talata, sau huɗu. Ƙarƙashinsa wasu tara, duk manyan Malami, waɗanda suka ji labari suka leƙa don su gani da idonsu. Malami kuwa cewa ya yi binciken aure ai ba haramun ba ne, kuma in duba da kyau, ba wanda ya canza ko harafi ɗaya. Alfahari ma yake da wannan, wai mutanensa masu amana ne.

Na kira Abuja na gaya musu. Suka ce Malami ya cire manyan nan duka nan take, za su turo mai bincike in hanya ta yi kyau. Malami ya sa babbar riga ya tafi Bagega neman iznin Makau kafin ya cire shi. Ya tarar ba ya nan, ya dawo ya ce sai wani satin.

A cikin satin ne Fiddausi ta zo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna kan bencin da take zama tun tana ƙarama, ta ce so take ta ga abin da aka rubuta a kanta, tunda ita ba ta tuna komai na lokacin. Na shigar da sunanta a kwamfutata, aka rubuto min ba ni da izini. Kunya ta kama ni. Na riƙe hannunta muka je teburin Malami.

Ya amsa gaisuwarta da fara'a, ya tambayi mutanen Duza ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata jaje kamar fasa auren daga sama ya faɗo. Da ta faɗi bukatarta sai ya gyara zama.

"Ayya ɗiyata, wagga magana ta manya ce. Ki koma gida ki turo wani babba."

"Baba, sunana ne a kai."

"Awo, na sani. Amma sirri ne, ba a buɗe ma kowa."

Ta juyo ta tambaye ni mutum nawa suka karanta. Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce goma.

Ta miƙe ta gyara hijabinta. "To Anti, bari in je in roƙi ɗaya daga cikinsu ya gaya min."

Malami ya bi ta da a gaida gida, ya juyo ya ce min yarinyar nan akwai ladabi. Watan gwajinta ya zo ya wuce, na aika sau biyu, ba ta zo ba.